Tafiyata Zuwa Rawanin Malam

Da sunan Wanda ya ɗaga tudu ya kwantar da ruwa, ya yi wa kowane gari ƙofa, ya yi wa kowane mahaluki suna. Bayan haka, ni ce Kubura, 'yar Alƙali Buhari na birnin Zarnuƙa, matar marigayi Ma'aji Sambo. Na ambaci sunan nan ne don littafi ba ya tsayuwa sai da sunan mai shi. A Zarnuƙa babu bakin da ke furta shi. Mijina har ya koma ga Mahaliccinsa "ke" yake ce mini, 'ya'yana suna cewa Inna, matan da ke ɗaukar karatu a gidana kuwa Malama Babba. Na adana sunan nan kamar turaren da ake tsoron ya sha iska.

Sababin tafiyata busasshen kifi ne, ba na kuma jin kunyar faɗa. A garinmu masu talla suna bin lungu suna cewa, "Ga na Rawanin Malam! Ga mai maiƙo na Rawanin Malam!" Wata rana da hantsi muna tsakiyar karatu, wata ɗaliba ta tambaye ni ma'anar sunan. Na gyara zama na bayyana musu cewa gari ne a gaɓar Teku Mai Duhu, mutanensa masu girmama ilimi, har wani babban malami ya sauka ya ajiye rawaninsa a kan yashi, suka gina garinsu kewaye da wurin. Gaskiya ne ban sami wannan a littafi ba. To amma hankali ma littafi ne, nawa kuwa mai kauri ne.

Sai ga murya daga bakin ƙofa: "Baiwata, kin je?"

Delu ce, 'yar goggona, taubashiyata. Tun muna 'yan mata take kirana baiwarta, ni ma haka nake kiranta, har yau ba a yanke hukuncin wace ce uwargijiyar ba. Aron tukunya ta zo, amma kunnenta ya fi hannunta tsawo.

Na ce, "Ba sai mutum ya je wuri yake sanin ma'anarsa ba."

Ta ce, "Haka ne. Ni ma ban taɓa zuwa wata ba, amma na san da nono aka shafe shi. Ku rubuta, 'yan mata."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ban taɓa ganin kafaɗa ta yi rawa a zaurena ba sai ranar. Kafin damina ta faɗi na ɗaure kayana na bi ayarin fatake masu zuwa gaɓa. Delu ta biyo ni ba tare da gayyata ba, wai ba ta barin dukiyarta ta yi nisa babu mai tsaro.

Mun wuce ƙasashe da yawa, zan taƙaita a kan biyu. Na farko Kogin Dorinai, inda babu kwalekwale, dorinai ne ke fiton mutane a bayansu, kuma ba sa ɗaukar wanda bai durƙusa ya gaishe su ba. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai mahaifina da mijina, na durƙusa a gaban wata dabba mai warin gansakuka na tambaye ta kwanan iyali. Ta yi hamma a fuskata. Delu ta ce amsawa ke nan, wai ta ce suna lafiya, suna gaishe da Malama Babba.

Na biyu ƙofar birnin Tsawaita. A can mai gadin ƙofa yana gaisawa da shugaban kowane ayari, wanda duk ya fara rasa abin tambaya ya faɗi. In baƙo ne ya faɗi, a ƙwace dabbobinsa. Madugunmu ya tsorata, na ce ya matsa. Na tambayi mai gadin nan gajiya, da gida, da yara, da sanyi, da zafin da ya wuce, da zafin da ke tafe. Na tambayi kajinsa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi surukarsa, da ciwon gwiwarta, da mai yi mata magani, da jakin mai maganin. Rana ta karkata, leɓensa ya bushe, ya jingina da bango ya ce, "Baiwar Allah, ku wuce, don girman iyayenki." Na rubuta wannan ne don a san ba kowane wuri na sha kunya ba.

Daga nan ƙasa ta fara wari irin na gishiri, har muka iso Rawanin Malam. Gari ne da aka ɗora a kan turakun giginya, gida da gida an haɗa su da gadojin katako. Teku takan janye da safe ta bar taɓo baƙi mai santsi kamar miyar kuɓewa, ta dawo bayan azahar tana dukan turakun. A cikin taɓon akwai ƙaguwoyi masu faɗin faifai.

Ban taɓa ganin mutane masu murnar baƙo kamarsu ba. Suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, suka yi mana rakiya. Abu ɗaya na lura: ba fuskata suke kallo ba, ƙafafuna suke kallo. Na ɗauka ladabi ne.

Aka kai mu wurin mai mulkin garin, wata dattijuwa mai suna Magajiya Tasalla. Kusa da ita wani tsoho ne mai sanƙo yana zaune, kansa babu ko hula. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, na kuma maimaita bayanina game da sunan garin, don su ji yadda ake girmama su a nesa. Magajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ga tsohon.

"Malam Gwadabe, ka ji? Ashe gina gari muka yi kewaye da kai."

Tsohon ya dubi ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, a bar tone-tone."

Ba ta bari ba. Ta ce mini garinsu na farko yana da suna mai nauyi irin na sarakuna, teku ta haɗiye shi da rana tsaka. Waɗanda suka tsira suka gane cewa teku ba ta cin abin da ke ba ta dariya. Tun daga nan ba sa sa wa garin suna sai da abin kunyar da wani baƙo ya yi a gaban jama'a. Nasu na gida ba ya aiki, teku ta saba da su. Sunan yana nan har sai wani baƙon ya yi abin da ya fi shi.

"Shi wannan," in ji ta, "ya sauko daga jirgi yana taƙama, iska ta kwance rawaninsa. Ya kama baki ɗaya, ƙaguwa ta kama ɗayan. Suka yi ta ja. Ƙaguwar ce ta ci."

Delu ta faɗi gefe tana riƙe ciki. Ni kuwa na ce, da muryar da ba tawa ba, "Amma ai sunansa bai fito ba. Malam kawai aka ce."

Magajiya ta ce, "Kuskuren da muka yi ke nan, shi ya sa bai yi ƙarko ba. Teku ta gaji da shi, dubi inda ruwa ya kai a turakun nan. Wannan karon da sunan yanka za mu sa. Af, yaya ma sunan Malama?"

Na ɗauke kai irin na masu daraja. Delu ta ɗago tana share hawaye ta ce, "Kubura. Ku riƙe shi da kyau, ba ta cika fito da shi ba."

A take na ji talla a kunnena. Na ji masu kifi a lungunan Zarnuƙa, da bakin kasuwa, da ƙofar gidan surukaina, suna rera sunana haɗe da wani abin kunya da ban riga na aikata ba, suna ƙarawa da "mai maiƙo". Ayarinmu ya riga ya juya. Jirgin da zai fitar da mu ba zai zo ba sai sabon wata ya tsaya.

Na yanke shawara irin ta masu hankali: wanda bai motsa ba, ba ya faɗuwa. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin da aka sauke mu, nesa da taga, na zauna. Ba na tashi sai don salla da abin da ya zama dole, shi ma ina dafa bango. Yaran gari da manyansu suna leƙe ta tsakanin katako, suna jiran rabonsu.

Malam Gwadabe ya zama mai yawan ziyara. Mutumin nan ya yi shekara da shekaru a garin, kunya ta hana shi komawa gida muddin ana kiran rawaninsa a kasuwanni, ya kuwa gane cewa ni ce ƙofar fitarsa. Ya aiko mini da romon kifi mai barkonon da ke sa hawaye da majina, na ce ina azumin nafila. Ya kawo kujera ta alfarma, wai bai dace mai ilimi ta zauna a ƙasa ba. Na sa Delu ta taɓa ta, ƙafa ɗaya ta fita. Ya ce in fito in ga kifi mai fukafukai, na ce na gan shi a littafi.

Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, ke fa ba ki da tausayi. Ɗan tuntuɓe kawai. Ko atishawa mai ƙarfi a gaban Magajiya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, da ka riƙe rawaninka da hannu biyu."

Ya tafi. Na yi zaton na gama da shi. Delu kuwa tana yawonta a gari, tana tsalle daga gada zuwa gada, tana cin duk abin da aka miƙa mata, babu abin da ya same ta. Na ce mata ta yi hattara. Ta ce, "Baiwata, ni me zan yi da zai ba wani mamaki?"

Ana gobe jirgi zai zo, Malam Gwadabe ya dawo da wata fuska, mai nutsuwa. Bai kawo komai ba. Ya ce matan garin sun ji labarin yadda na kayar da mai gadin Tsawaita, sun kuma ji cewa babu mace mai ilimina tsakanin tudu da gaɓa. Sun taru a rumfar da ke ƙetaren gada suna roƙon in yi musu karatu ko na ɗan lokaci. Ya ƙara da cewa, "Na gaya musu ba za ki zo ba. Na ce wataƙila abin da ake faɗa ya fi abin da ke akwai."

Na san tarko ne. Ina so a rubuta cewa na sani. Amma na leƙa, na ga mata cike da rumfa sun yi shiru, an shimfiɗa buzu a gaba babu kowa a kansa. Barkono na iya ƙi, kujera na iya ƙi. Buzun da aka shimfiɗa domina ban san yadda ake ƙin sa ba.

Na yafa mayafina mafi kyau, na ɗauki littafi. Gadar katako biyu ce a jere, teku ta janye, taɓo na ƙyalli a ƙasa. Na taka a hankali ina duban kowane taku, har na wuce rabi lafiya. A nan ne na tuna cewa mata suna kallona, kuma bai kamata Malama Babba ta iso majalisi kanta a sunkuye kamar mai neman allura ba. Na ɗaga kai. Na fara yi musu sallama da hannu.

Ban san yadda aka yi ba. Na dai ga sama a inda gada take, sannan na ji sanyi har ƙugu. Na nutse a tsaye, littafina a ɗage bisa kaina, mayafina ya baje a kan taɓo kewaye da ni kamar an kafa laima. Wata ƙaguwa ta matso ta tsaya tana dubana.

Garin ya fashe. Dariya daga rumfa, dariya daga tagogi, wani yana buga ƙwarya. Na hango Malam Gwadabe ya ɗaga hannuwa sama yana godiya.

Delu ta taho a guje ta kan gadar, dariya ta hana ta numfashi. "Tsaya nan, baiwata, kada ki je ko'ina!" Ta kwanta a kan katako ta miƙo hannu, na miƙa mata nawa. Ko ta manta nauyina, ko ni na manta ƙarfina, Allah ne masani. Ta zo da ka. Ta shige taɓon nan har kafaɗa da ƙirji, zanenta ya manne mata ya rufa asiri, babu abin da ya rage a sama sai ƙafafu biyu suna harbin iska, dugaduganta ja wur da lallen da ta ƙunsa a garin. A daidai lokacin igiyar ruwa ta farko ta dawo ta fantsama a kanmu.

Masunta suka zaro mu da igiya, ita ta ƙafa, ni ta hammata.

Ko wanka ba a bari mun yi ba aka kira taro, don al'adarsu ce a yanke suna kafin taɓo ya bushe a jikin mai shi. Magajiya ta zauna. Wani ya ce a sa Laimar Kubura. Wata ta ce Sallamar Kubura ta fi daɗin talla, ta ma gwada rera shi. Yana da daɗin talla ƙwarai. 

Sai jinin Alƙali Buhari ya motsa. Na miƙe, taɓo na ɗiga daga haɓata, na nemi izinin magana.

Na ce, "Ranki ya daɗe, don wa ake sa sunan nan? Don mutanen gari ko don teku?"

Ta ce, "Don teku."

"To lokacin da na sauka daga gada, ina teku take?"

Wani masunci ya ce, "Sauka ta ce?" Aka yi masa tsawa.

Magajiya ta ce, "Ta janye."

"Ashe ba ta gani ba. Ana ba mutum dariya da abin da bai gani ba? Sai dai a ba shi labari, labari kuwa kun ga yadda ya ƙare muku da rawani. Amma lokacin da 'yar'uwata ta yi nata, wa ya iso? Ku dubi tufafinmu, ga shaidarta a jiƙe. Na biyu, da na sauka na ji wata tsohuwa ta ce subhanallahi, dariyar da aka gauraya da tausayi kuwa ba ta da ƙarfin riƙe gari. Da 'yar'uwata ta sauka, wa ya ce subhanallahi?"

Aka dubi juna. Babu wanda ya ce.

Na kawo hujja ta uku da ta huɗu, na kawo misalai daga hukuncin shaidu. Ban taɓa yin magana mai kyau irin ta ranar ba, kuma na yi ta ne don in tura 'yar goggona cikin ramin da aka haƙa domina. Ban dubi inda take ba sai da na gama.

Tana zaune tana kankare taɓo daga kunne. Magajiya ta ce, "Ke fa, me kika ce?"

Delu ta ce, "Yaya za a kira shi?"

"Dugadugan Delu."

Ta maimaita shi a hankali kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ta ce, "In da wuri a sa har da sunan ubana. Jatau ne."

Babu wuri, amma aka buga ganga, aka yi shela daga gada zuwa gada, aka je bakin ruwa aka faɗa wa teku. Mutanen garin sun rantse cewa a yammacin nan ruwa ya sauka daga turaku da kamu guda. Ni dai na ga yana ta ɓulɓula. Malam Gwadabe ya shiga jirgi tare da mu washegari, da sabon rawani da ya ɗaure da igiya ta ƙarƙashin haɓa.

A jirgi na ce wa Delu, da sassanyar murya, ko ta ji haushi. Ta ce, "Na me? Baiwa ta yi wa uwargijiyarta aiki."

Sunan ya riga mu isa Zarnuƙa. Mun tarar masu talla suna bin lungu suna cewa, "Ga na Dugadugan Delu! Ga mai maiƙo!" Na shiga gida na yi godiya ga Allah da ya tsare mini sunana, na koma kan karatuna da mutuncina cikakke, babu ko ɗigo a kansa.

Abin da Magajiya ba ta gaya mana ba, Malam Gwadabe kuma kunya ta hana shi karɓa, shi ne mai sunan gari yana da kwandon kifi daga kamun farko na kowace shekara. Kwandon yana zuwa gidan Delu a kan raƙumi mai ƙararrawa. Fatake suna tsayawa su gaishe ta. Amare suna aiko mata da lalle don ta sa albarka. Matar sarkinmu, wadda na yi shekaru ina jiran ta aiko a ɗauke ni in yi mata karatu, ta aiko da doki aka ɗauki Delu, don ta ji labarin daga bakin mai shi. An ce ta nuna musu dugadugan, an kuma ce an yi guɗa.

Ni ban damu ba. Mai ilimi ba ta damuwa da irin wannan.

A makon jiya wani falke daga gaɓa ya yi sallama a zaurena ina tsakiyar karatu. Na sa aka ba shi ruwa, na gyara mayafi, don na ɗauka tambaya ya kawo. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Gafara dai, Inna. An ce mini nan ne gidan matar da ta raka Delu. Ko za a nuna mini gidan ita Delun?"

Na sa aka nuna masa. Kafin ya fita na tsayar da shi, na tambaye shi labarin gaɓa, da lafiyar Magajiya, da inda ruwa ya kai a turaku. Ya ce ya fara ɗan hawa. Sannan na tambaye shi, don neman ilimi kawai, yaushe ayarinsu zai koma, da lokacin da teku take dawowa a wannan watan, da kuma ko har yanzu ba a gyara gadar nan ba.